Tabawa da Gadon da Ya Gurgunce

Ku matso kusa, ku bar surutu. Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Ta ƙaraso, kunnuwanmu a buɗe!

Wata mata ce ana ce mata Tabawa. Tana da gona, tana da awaki, tana da 'ya ɗaya, Yalwa. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Hansai, wata mai daddawa da mijinta ya rasu, ita ma da 'yarta ɗaya, Dela. Sai aka sa bikin 'yan matan nan biyu a sati guda.

Tabawa ta sayi gado, ta sayi katifa, ta sayi kwanuka. Kullum sai ta hau turmi ta leƙa gidan Hansai, ta ga ɗaki wayam, ta sauko tana murna.

Ran nan ta hau turmi, ta leƙa. Me za ta gani? Gado na maɗaci, an sassaƙa masa ƙafafu kamar na barewa. Katifar rimi, tudu guda. Kwanukan tagulla suna walƙiya har ido ba ya iya tsayawa a kansu. Tabawa ta zame daga kan turmi. Ranar ko tuwo ta kasa haɗiyewa. Ta dubi gadonta, ta ga kamar gadon kara. Ta dubi kwanukanta, ta ga kamar sakaina.

Da safe ta yafa mayafi ta shiga.

"Sannu, Hansai. Ashe gadon dukiya kika ci ba mu ji ba?"

Hansai ta yi dariya ta ce, "Wane gado, Yaya Tabawa? Araha na samo. Akwai kasuwa bayan rafi, gindin tsamiyar nan uku. Ran Laraba take ci, da rana tsaka. Ta mutanen ɓoye ce da namun daji. Ba su karɓar kuɗi, daddawa suke so, don miyarsu lami ce. Curi tara na ba su, suka ba ni duk wannan."

"Curi tara!"

"Curi tara. Amma akwai abu guda, in kin je ki kula da..."

Tabawa ta riga ta kai ƙofa. Cewa take a ranta, "Wai ni Hansai za ta koya wa ciniki?"

Ta kira dillaliya ta ce, "Kwashe kayan nan, ki ba ni abin da ya samu. 'Yata ba ta kwana a kan abin da bai kai na Dela ba." Yalwa ta ce, "Inna, ai ni sun ishe ni." Ta ce, "Ke rufe mini baki."

Laraba ta zo. Tabawa ta ƙulle daddawa a zane, ta ƙetare rafi. Rana na kaiwa tsaka, sai ga kasuwa ta cika gindin tsamiya, dam! Ga Biri da gadaje, ga wata tsohuwar aljana da katifu, ga Kunkuru da kwanuka.

Ta fara da Biri. Ta zaɓi gadon da ya fi kowanne girma.

"Malam Biri, nawa ka sayar wa Hansai?"

"Curi uku."

Tabawa ta ce a ranta, in Hansai ta ba da uku, ni ɗaya zan bayar. Ta taɓe baki, ta girgiza gadon, ta ce, "Wannan? Ai wannan gurgu ne. Curi ɗaya."

Biri ya ce, "Haka kika gan shi?"

"Haka na gan shi."

"To, haka yake. Na sallama."

Ta wuce wurin aljana. Ta zaɓi katifar da ta fi kowacce tudu.

"Iya, nawa kika sayar wa Hansai?"

"Curi uku, jikata."

Tabawa ta toshe hanci ta ce, "Wannan? Ai wannan gidan kuɗin cizo ce. Curi ɗaya."

"Haka kika gan ta?"

"Haka na gan ta."

"To, haka take. Na sallama."

Ta wuce wurin Kunkuru. Kwanukansa ba tsatsa, ba lotsawa. Ta juya, ta ƙwanƙwasa, ta ɗaga ta duba a rana, ta rasa aibi.

"Baba Kunkuru, nawa ka sayar wa Hansai?"

"Curi uku. Har godiya ta yi mini."

Jin haka zuciyarta ta tafasa. Ta ce, "Waɗannan? Ai da gani na sata ne, daga gidan Sarki aka kwaso su. Curi ɗaya, shi ma taimakonka na yi."

Kunkuru ya miƙo wuya a hankali, ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Haka kika gan su?"

"Haka na gan su."

"Ki sake dubawa, baiwar Allah."

"Na duba."

"To, haka suke. Na sallama."

Tabawa ta sa aka kai mata kaya gida, tana tafe tana rangaji. Duk wanda ta gamu da shi sai ta ce, "Hansai curi tara, ni curi uku! Kuma nawa sun fi nata girma!"

Ranar jere ta zo. Tabawa ta gayyato matan gari kakaf, ta ce Hansai ta zauna a gaba, don ta gani da kyau. Aka kafa gado, aka ɗora katifa, aka jera kwanuka har rufi. Mata suka rangaɗa guɗa. Gwaggon ango, wata katuwar mata mai faɗa a ji, ta ce bari ta ɗanɗana gadon. Ta haye, ta zauna daram.

Sai gado ya karkace. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya nufi ƙofa yana waƙa:

"Ɗingis, ɗingis, ni gurgu ne,
Tabawa ta ce, ni gurgu ne,
Curi ɗaya, ni gurgu ne!"

Gwaggo tana bisa tana ihu, "Ku tare shi! Ku tare shi!" Kafin a tare, katifa ta buɗe baki. Kuɗin cizo suka ɓarke, ja wur, layi layi, suka bi zane suka bi ɗankwali. Mata suka shiga susa, wannan na tsalle, waccan na birgima.

Ana cikin haka kwanuka suka fara ƙara, ƙwal, ƙwal, ƙwal:

"Ku mai da mu, ku mai da mu,
Na Sarki ne, ku mai da mu,
Tabawa ta ce sato mu aka yi!"

Suka diro daga jere, suka gangara titi, ba su zame ko'ina ba sai fada. Can kuwa an wayi gari kwanukan Sarki sun ɓace, ana ta cigiya. Dogarai suka biyo sawu, suka tasa ƙeyar Tabawa.

Sarki ya ce, "Ke kika sace mini kwanuka?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, saya na yi!"

"A wurin wa?"

"Wurin Kunkuru."

Fadawa suka fashe da dariya. Sarki ya ce a kai ta gidan yari.

Sai ga Hansai ta kutso, ta faɗi ta yi gaisuwa. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, maƙwabciyata ba ɓarauniya ba ce. Kasuwar bayan rafi ta je. A can duk abin da ka kira kaya da shi, shi yake zama. Ni da na je, na ce gadon ya yi kyau, sai dai ƙarfina bai kai ba, suka rage mini. Na so in gaya mata, ba ta tsaya ta ji ba."

Sarki ya juya ya ce, "Ke Tabawa, da can ba ki da kayan ɗaki ne?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina da su."

"Sun lalace ne?"

"Lafiyarsu ƙalau."

"To me ya kai ki?"

Ta ce, "Na Hansai sun fi nawa kyau."

Sarki ya ce, "Tashi ki tafi. Abin da kika yi wa kanki ya fi gidan yari."

Ta koma gida ta tarar da ɗaki wayam. Gado ya ɗingisa ya shige daji, an ƙone katifa, dangin ango sun ce ba a kai musu amarya da tabarma. Yalwa na zaune a ƙasa tana kuka, ko kallon uwarta ba ta yi ba. Nan Tabawa ta ji abin da ba ta ji ba gaban Sarki.

Da la'asar sai ga Hansai da Dela, ɗauke da kaya. Sun raba kwanukansu biyu, sun farke katifa sun mai da ita biyu. Hansai ta ce, "Gado kam ɗaya ne, amma na roƙi dillaliya ta maido naki na da. Tashi mu jera wa yarinya, Yaya."

Aka jera. Ɗaki ya yi kyau. Tabawa ta yi godiya har da hawaye. Amma da baƙi suka fita, ta ɗauki kwano ɗaya, ta juya shi, ta taɓe baki ta ce, "Ai na san masu kyan ta ajiye wa Dela. Wannan da gani..."

Yalwa ta yi wuf ta toshe mata baki. Ta ce, "Inna, don girman Allah! Kayan kasuwar can ne fa!"

Tabawa ta zaro ido. Ta dubi kwano, kwano ya yi shiru yana jira. Ta ce, "Da gani... mai kyau ne. Mai kyau ne ƙwarai." Ta ajiye shi a hankali da hannu biyu.

Ƙurunƙus, nan ɗan ɓera ya sa kai a rami. Kun dai ji: wanda idonsa ke kan kayan maƙwabci ba ya ganin kyan nasa, har sai ya rasa shi. In kuma kun je ciniki, ku nemi ragi da baki mai daɗi, kada ku yi wa kayan mutane ƙazafi.