Tabawa Mai Ƙofa da Baƙo Mai Wasiƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu jarrabawar kimiyya gobe.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku rufe littafin nan, kun ishe ni da hadda kamar aku.

An yi wani gari ɗan mitsitsi, ido ba ya ganinsa, sunansa Ƙwayar Halitta. A tsakiyarsa Sarki Ɗantsaka yake zaune da kundin umarni. Abin da kundin ya ce, shi masaƙan gari suke saƙawa. Mata masu murhu kuma su dafa sukari, gari ya sami ƙarfi. A bakin ganuwa akwai wata tsohuwa masifaffiya, Tabawa. Abinci ta bar shi ya shiga, shara ta bar ta ta fita, sauran kuwa ko ƙofa ba sa gani.

Ran nan sai ga wani baƙo da riga mai ado, riƙe da wasiƙa. Ya ce wurin Sarki ya zo. Sai Tabawa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ba ta san shi ba, ya kama gabansa.

Washegari sai ya dawo, wai shi abinci ne. Ta ce, "Yaushe abinci ya fara yawo da wasiƙa?" Ta fatattake shi.

Rana ta uku sai munafukin ya tsaya bayan ganuwa yana zuba wa Sarki kirari. Sarki ya ji, kansa ya kumbura. Ya sa aka kira Tabawa.

"Ke wace ce da za ki kori baƙona?"

"Ranka ya daɗe, kai ke da kundi, ni ke da ƙofa. Mutumin nan ba alheri ya kawo ba."

Sai Sarki ya fusata, ya ce a mayar da ita wurin masu shara. Wallahi duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci. Shekara da shekaru tana tsaron gari, kirari ɗaya ya tsige ta.

Sai baƙo ya shiga, ya cusa wasiƙarsa cikin kundin Sarki. Masaƙa ba sa tambaya, abin da suka gani suke saƙawa. Wasiƙar kuwa cewa ta yi a saƙa irin baƙon. Sai ga goma, sai ga ɗari. Suka cinye girkin masu murhu, suka cika gari har ganuwa ta tsage, suka watsu cikin garuruwan maƙwabta.

Sarki yana ta ihu, "Tabawa, rufe ƙofa!"

Ta jingine tsintsiyarta, ta ce, "Wace ƙofar?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ya raina mai tsaron ƙofa, da hannunsa ya rushe gidansa. Gobe in an tambaye ku, Sarkin shi ne nukiliyas, masaƙa raibosom, masu murhu maitokondiriya, Tabawa da ganuwarta su ne mambiren. Baƙon kuwa ƙwayar cutar mura ce, wadda 'yar'uwarku Ladidi take ta yi mana atishawarta tun ɗazu ba ta rufe baki.