Masaukin Tsuntsun Azurfa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan tekun gishiri, an yi wani sarki mai suna Jatau ɗan Barmo, wanda ya mulki Birnin Zarnuƙa cikin adalci da kwanciyar hankali. Mafi daraja cikin taskarsa wani faifai ne na tagulla, faɗinsa kamu bakwai, wanda aljani Durmazu yake juyawa kwana shida a mako, ya huta ran Juma'a bisa alkawarin da ya yi da kakannin sarki. Bisa faifan akwai ɗan tsuntsu na azurfa a bakin sanda. Iskar juyawar ce take ɗaga shi ya yi ta shawagi, tsakaninsa da tagullar bai kai kaurin gashin jariri ba, yana maimaita duk muryar da aka taɓa ajiyewa a ciki. A nan muryar marigayiya Sarauniya Kilishi take, tana yi wa 'yarta Gimbiya Zulai waƙar reno, sarki kuwa ba ya fita fada sai ya saurare ta.

Wata shekara Galadima, don neman yabo, ya sa aka goge faifan da toka har ya zama kamar madubi. Tun daga nan, in faifan ya tsaya ran Juma'a tsuntsun ya sauka, sai ya manne. In aljani ya fizga ran Asabar, sai ƙafar tsuntsun ta kankare layi guda na muryoyi. Da aka ƙirga, saura layi biyu a kai ga muryar sarauniya.

Aka kirawo bokan Dutsen Kwara, ya ɗaga tsuntsun sama da tsawon yatsa, tsuntsun ya yi gum, don nesa ta hana shi jin komai. Aka mayar da shi, Asabar ta ci layi. Wani matsafi ya zo ya tuttula tulun mai, tsuntsun ya ƙara mannewa, layi na biyu ya tafi.

Gimbiya, wadda ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin faifan, ta aika aka zo da Nomau maƙerin fari, wanda ta san aikinsa tun da ya gyara munduwar mahaifiyarta. Ya zauna kwana huɗu yana kallo bai taɓa komai ba, har fadawa suka fara cewa abincin fada ya zo ci. Ran Alhamis ya gurfana gaban sarki da madubai biyu, ya hura musu numfashi, ya haɗa su, ya roƙi Galadima ya raba. Galadima ya yi ta fama har rawaninsa ya karkace, suka ƙi rabuwa.

Nomau ya ce, “Allah ya ja zamaninka, abu biyu masu santsi ƙwarai in sun haɗu da 'yar laima, riƙe juna suke yi. Ina roƙon izini in karce faifan da yashi.”

Fada ta ɗauki guna-guni, Galadima ya ce wannan kalma kaɗai ta isa a ɗaure mutum. Sai gimbiya ta miƙe ta shaida wa mahaifinta cewa ta san faifan layi-layi, kuma akwai zobe guda kusa da cibiyarsa da ba a taɓa ajiye murya a kai ba. Sarki ya ce, “Muryar uwarki ce, Zulai. In kin yarda, na yarda.”

Nomau ya tankaɗe yashin rafi sau bakwai, ya ɗaure a ƙyalle, ya danna shi kan wannan zobe faifan yana juyawa, har wurin ya yi ɗan kaushi kamar harshen kyanwa. Ya share man matsafin da auduga, ya ɗiga man alayyadi ɗigo ɗaya tak, ya baza shi har ido ba ya ganinsa. Ya kuma roƙi Durmazu cewa kafin ya huta, ya riƙa jan tsuntsun zuwa wannan masauki. Aljanin ya amsa da cewa shekara ɗari uku yana wannan aiki, ba a taɓa roƙonsa da ladabi ba sai yau.

Da hantsin Asabar aka taru. Durmazu ya tura faifan, ƙafar tsuntsun ta ɗan goga kan kaushin nan, sai iska ta shiga ƙarƙashinsa, ya tashi sumul. Can sai ga muryar Kilishi ta cika ɗakin, ba ta rasa ko baiti ba. Sarki ya rufe fuskarsa da hannun riga har waƙar ta ƙare.

Da aka tambayi Nomau ladan da yake so, ya ce a bar shi ya riƙa duba masaukin duk Alhamis. Gimbiya ta ce mabuɗin ɗakin ɗaya ne, ita kuwa ba ta bayar da aronsa, sai dai mai dubawa ya zama ɗan gida. Sarki ya yi murmushi, ya sa aka ɗaura aure bayan wata biyu, Galadima ne ma waliyyin ango. Da suka haifi 'yar fari, waƙar kakarta ce ta fara sa ta barci.

Nan labarin ya sauka, kamar yadda tsuntsun ke sauka ran Juma'a.