Takardar Da Mai Akori-kura Ya Ɓoye

An yi wani mutum a nan birnin Sakkwato, a shekarun da soja ke mulki, kuɗin mai ya shigo ƙasa har mai faskare yana zancen sayen babur. Ba zan faɗi sunansa ba, 'ya'yansa suna nan da ransu. Mu ce masa Alhaji, don haka kowa ke kiransa.

Alhaji wakilin wani kamfanin motoci ne. Akori-kura yake sayarwa, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya ta ɗaukar kaya. Shagonsa da garejinsa suna wajen Ƙofar Rini. Kada ku ɗauka mutumin banza ne. Jam'i ba ya wuce shi, kuma shekara da shekaru yana sana'a ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya. Saboda ya yarda da kansa, duk motar da ya sayar sai ya sa mai fenti ya rubuta sunansa a marfin baya, da ja, manya-manya. Manomin ƙauye bai san sunan kamfani ba, bai kuma damu ya sani ba. Abin da zai ce kawai, ta Alhaji yake so. Sunan nan shi ne jarinsa na gaskiya, ba ƙarafan da ke jere a gareji ba.

Wata Talata, ana gab da fara ɗibar tumatir a fadama, takarda ta zo daga kamfani. Da Turanci aka rubuta, Alhaji kuwa bai yi boko ba. Ya kira babban bakanikensa, Filibus, wani Kirista mutumin kudancin Zariya da suka shekara takwas tare, ya miƙa masa.

Filibus ya karanta sau biyu, sannan ya ce, "Alhaji, motocin da suka turo zuwan nan na ƙarshe akwai ciwo a inji. Famfon da ke tura baƙin mai ba shi da ƙarfi. In mota ta yi nisa da kaya cikin zafi, mai zai daina zagayawa, inji ya buga. Sun ce kada a ƙara sayar da ko ɗaya. Waɗanda aka riga aka sayar, a kira masu su su dawo da su, za a sa musu sabon famfo kyauta."

"Yaushe za su aiko hwamhon?"

"Wata biyu ko uku."

Alhaji ya leƙa waje. Ga su nan guda tara a jere suna ƙyalli, ko ɗaya bai kai ga sayarwa ba. Wata uku, kakar tumatir ta wuce ke nan. Ga kuma wani wakili a Ƙofar Atiku yana sayar da ta wani kamfani, jira kawai yake a ce motar Alhaji tana da aibi ya kwashe mutane. Ya ce a ransa, in na buɗe baki na ce kayana ba su da lafiya, wa zai sake tako ƙofar nan?

Ya ninke takardar ya ce, "Wa yag ga takardag ga bayan kai?"

"Ba kowa."

"To kai ma ba ka gan ta ba."

Filibus ya ce, "Alhaji, addininmu ba ɗaya ba ne, amma na san a naku da namu ba inda aka yarda da wannan."

"Bakanike na ɗauka ko liman?" in ji Alhaji.

Kafin mako ya zagayo ya sallame shi. Filibus ya gargaɗi mutum biyu uku a tasha, aka ce haushin kora ne ke cinsa. Wa zai bar maganar Alhaji ya kama ta korarren bakanike?

Ya 'yan uwa, ku lura da kyau. Ba Alhaji ya ƙera famfon nan ba. Har zuwa ranar Talatar nan ba shi da laifin komai. Laifinsa ya fara ne daga lokacin da ya sani, ya jefa sanin cikin akwati ya kulle.

Cikin waɗanda suka zo saye akwai Gidaɗo, manomi daga Dundaye. Shi da 'yan uwansa da maƙwabta suka haɗa ƙarfi don su daina jiran 'yan lodi suna yi musu wulaƙanci da tumatir ɗinsu. Gidaɗo bai taɓa sayen mota ba, shanu ya saba saye. Don haka ya zagaya ta yadda ake zagaya sa a kara, ya duƙa ya leƙa cikinta, ya dudduƙa tayoyi, ya shafa gefe. Sannan ya yi tambayar da ake yi wa mai dabba kafin a sallama.

"Alhaji, tsakaninka da Allah, ba ta da wani aibi?"

Alhaji ya yi dariya. "Gidaɗo, saniya ta? Wagga sabuwa ta, ko ledar kujera ba a ɗebe ba. Mi za ya samu sabon abu?"

Mutanen da ke zaune suka kwashe da dariya, Gidaɗo ya ji kunya ya ƙirga kuɗi ya biya. A sanin mutanenmu na lokacin, tsohon abu ake tambayar aibinsa, abin da ya fito daga kamfani fil ba ya ciwo. Alhaji ya san haka suka ɗauka, ya kuwa laɓe a nan. Bai ce babu ba, bai rantse ba, ya koma gida yana ganin bakinsa bai yi ƙarya ba. To wa ya yi wa wayo? Wanda ya halicci bakin bai san abin da ke cikin akwati ba?

Cikin kwana arba'in duk taran suka tafi.

Tafiya ta uku, Gidaɗo ya ɗauki tumatir ɗin unguwarsu gaba ɗaya zai kai Kontagora. Sun wuce Yawuri rana tsaka, sai inji ya fara wani irin ƙara kamar ana dakan ƙarfe, ya yi gum ya tsaya. Kwana biyu suna gefen hanya. A rana ta uku da hannunsa ya riƙa juye kwanduna cikin rami, wahalar gida goma sha ɗaya tana tsiyaya tana wari.

Ya hau babbar mota ya dawo, bai biya gida ba sai shagon Alhaji. Nan ne Allah ya sake buɗe wa Alhaji ƙofa, ya sa ƙafa ya rufe.

"Ka duba baƙin mai kahin ka tashi?"

"Na duba, Alhaji."

"Ba ka duba da kyau ba. Ku mutanen ƙauye kun ɗauka mota jaki ta, a hau a yi ta duka."

Gidaɗo ya sunkuyar da kai ya tafi da laifin da ba nasa ba. A Dundaye aka ce sakacinsa ne ya kashe mota. Maƙwabta suka rage gaisuwa. Mutumin da ake jira ya zo kafin a yanke shawara, ya koma in an sallame salla sai ya ɗauki takalmi ya sulale.

Sauran ma suka bi sahu. Ɗaya ta kwanta a hanyar Illela, ɗaya a hanyar Argungu, biyu a hanyar Gusau. Kowacce tana gefen titi da sunan Alhaji ja wur a bayanta, duk mai wucewa yana karantawa. Direbobi a tasha suka mai da abin raha, suna cewa ba sai an kafa dutsen mil ba, motocin Alhaji sun isa.

Alhaji kuwa abinci ya daina shiga. Yakan buɗe akwati ya ɗauko takardar ya zuba mata ido, alhali ko harafi ɗaya ba ya ganewa. Duk Juma'a sai ya ƙudura gobe zai faɗa. Gobe ta yi, ya ga ɓarnar ta fi ta jiya girma, bakin ya ƙara nauyi. Haka zunubi yake, 'yan uwa. Ranar farko ya fi sauƙin ajiyewa.

Kamfani ya ga kowane gari ana ta mayar da motoci, daga Sakkwato ko ɗaya. Sai suka ba da sanarwa a rediyo, da Hausa, bayan labarun safe. Alhaji na zaune ƙofar shago cikin mutane aka karanta: duk mai irin motar nan ya kawo a gyara kyauta, an kuma rubuta wa dukan wakilai tun wata huɗu da suka wuce. Wani dattijo, Tambari, ya juyo a hankali ya ce, "Alhaji, wata nawa sunka ce?"

Alhaji ya miƙe ya shige shago.

Kamfani ya karɓe wakilcinsa. Alƙali ya kira shi. Shago da gareji da gidan Ƙofar Rini duk suka tafi wajen gyara ɓarnar. Mai fentin da ya rubuta sunan nan, shi aka riƙa kira yana shafe shi. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, mutane ba su guji motar ba. Cewa suka yi kamfanin da ya fito ya faɗi aibin kayansa da bakinsa, shi ne abin saye. Wakilin Gusau da ya bi masu motoci har gida tun makon farko, sai da kaya suka yi masa kaɗan. Abin da Alhaji ya ji tsoron faɗa, da ya faɗa shi zai ɗaga shi.

Amma Allah bai bar shi haka ba. Wata rana ya tashi a ƙasa har Dundaye. Ya yi la'asar a masallacinsu, da aka sallame ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku dakata. Gidaɗo bai yi sakaci ba. Ya duba mai. Ni na san ciwon motag ga tun kahin in sai mishi, ya tambaye ni don Allah, na mai da shi abin dariya. Ku bar ganin laihinshi, nau na."

Gidaɗo ya ce, "Alhaji, tumatir ya ruɓe, wani ya tsiro. Abin da yah hana ni barci, kac ce ban duba mai ba, har ni kaina na hwara shakkar idona." Ya share fuska da hannun riga. "Na yahe maka. Amma ko keke ba ni ƙara saye hannunka."

Aka yi dariya, shi ma Alhaji ya yi, hawaye na zuba. Maƙwabtan Gidaɗo suka taso ɗaya bayan ɗaya suna ba Gidaɗo hannu.

Haka ya bi sauran takwas ɗin, ya nemi Filibus ma ya roƙe shi gafara. Wasu sun yafe nan take, wasu sai da aka daɗe. Dukiya ba ta dawo ba. Dillancin tsofaffin motoci ya koma, kuma kafin mai saye ya buɗe baki shi zai fara lissafa masa ciwon mota. Da farko sauran dillalai suna masa dariya. Daga baya har daga ƙauyuka ake zuwa a ce sai ya duba kafin a saya. A kan haka ya ci abincinsa har Allah ya karɓi abinsa.

Ya 'yan uwa, malamai sun gaya mana ɓoye aibin haja haramun ne, ko dabba ce, ko hatsi, ko ƙarfe. Yin shiru a inda ka sani, ha'inci ne, ko da ba ka rantse ba. Kai mai sayarwa, faɗi aibi ka bar wa Allah kasuwa. Kai mai saye, kada ƙyalli ya rufe maka baki, tambaya ba ƙauyanci ba ne. Wanda kuma yake da tasa takardar a akwati yanzu haka, ya tashi ya buɗe yau, tun yana da ƙafar zuwa neman gafara. Ƙofar tuba ba a rufe ta ba.

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci, ya kiyaye mu daga ɗora wa bawansa laifin da ba nasa ba, ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya tun a ranar farko. Amin.