Kyamarar da ke Cikin Maɓallin Kwat

Akwai wani mai ɗaukar hoto da ya gaji tsohuwar kwat daga kawunsa, wanda ya yi aikin leƙen asiri a zamanin da. Maɓallinta na tsakiya idon kyamara ne. Wata siririyar waya ta bi ta cikin shafi zuwa aljihu. Kana matsa ƙarshen wayar sai kyamara ta ɗauki hoto, ko ƙyas ba a ji.

Mai Hoto yana ji da kwat ɗin nan kamar yadda nake ji da gemuna, wanda har yau babu wanda ya yaba a cikinku. Allah ya isa ban ce ba.

Mahaifinsa yana kwance ba lafiya. Sai ya lura wani direba da ke haya a gidan kullum yana shiga ɗakin tsohon, yana taɓa gwangwanin magani.

"Ɓarawo ne," ya ce wa matarsa. "Hujja kawai nake nema, in watsa masa kayansa waje."

Da rana tsaka, ana zuba zafi, ya zura kwat ya zauna a ɗakin yana minsharin ƙarya. Direba ya shigo. Mai Hoto ya yi ta matsawa, gumi na bin bayansa.

Da ya wanke fim, ya zaɓi hoto ɗaya ya fito da shi: hannun direba a cikin gwangwani.

"To, ga shi! Dumu-dumu!"

Matar ta karɓi fim ɗin ta ɗaga a hasken taga. "Maigida, bi su a jere mana. A na farko gwangwani wayam. A na ƙarshe cike. Wane irin ɓarawo ne wannan?"

Mai Hoto ya nufi ɗakin direba ya tambaye shi.

"Yaya, maganin Baba ya daɗe da ƙarewa. Shi ya hana ni faɗa maka, wai hidima ta yi maka yawa. Ni kuwa kantin magani a hanyata yake." Direba ya yi dariya. "Amma minsharinka na ranar nan, ido ɗaya a buɗe yake fa."

Mai Hoto ya kama hannunsa da hannu biyu. "Na so korarka, ashe kai ke riƙe mini uba. Allah ya saka maka da alheri, ƙanena."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci da hoto ɗaya, ka bi labarin tun daga farkonsa. Wanda kake zargi wataƙila shi ke rufa maka asiri. Ku tura wa 'yan'uwa, kada ku karanta ku sulale kamar yadda kuka saba yi mini.