Ɗakin Tabawa da Baƙin Yashi

Ku gyara zama, ku ajiye hirar nan tukuna, don wannan labarin sai da kunne biyu. In na kai ƙarshe zan yi muku tambaya, kuma ba na son kowa ya fake da "Allah ne masani". Mun san Shi ne masani. Ra'ayinku nake nema.

A can tsaunukan Jos, a wani ƙauyen ma'aikatan kuza da ake kira Gangaren Baƙi, an yi wani mutum mai suna Sallau. Aikinsa wankin kuza. A haƙo ƙasa a zuba a magudana, shi kuma ya wuni tsaye cikin ruwan sanyi yana juya ta da shebur, har laka ta tafi kuza ta zauna. In an tace an cire kuzar, akwai wani yashi da ke saura, baƙi, mai nauyi, mai ƙyalli in rana ta haske shi. Kamfani ba ya son sa, jibge shi ake yi tsibi-tsibi a bayan gari. Ma'aikata kuwa sun yarda da shi ƙwarai. Sun ce ba ya tsagewa, gara ba ta shigarsa, ɓera ba ya haƙa shi, in kuma ya sha wuta yana daɗewa bai huce ba.

Da Sallau ya auri Tabawa ba shi da halin siminti, amma yana da wuya da kafaɗa. In an tashi aiki sai ya cika kwanon sarki da baƙin yashin nan ya ɗauko a ka, ya hau gangare da shi. Ya cuɗa shi da jar ƙasa ya yaɓe bangon ɗakin amaryarsa, ya yi daɓe da shi, sannan ya gina mata gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi. Ku da ba ku taɓa kwana a Jos ba, ba za ku gane darajar wannan gado ba. Ɗakin ya yi suna. A kan gadon nan Tabawa ta yi jegon 'ya'yanta uku, Labaran da Uwani da autansu Inuwa. Daga baya ma abin ya zama al'adar gidan: duk 'yar dangi da ta haihu, a ɗakin Tabawa take wankan jego, ta kwanta a gadon da ɗuminsa ita da jaririnta.

Shekaru suka ja. Tabawa ta kamu da tari da ciwon ƙirji, ta yi ta ramewa, aka yi na asibiti aka yi na gida, Allah ya karɓi abarsa. Sallau ya koma ɗakinta da kwana. Yanar ido ta rufe masa gani, 'ya'yansa suka yi ta roƙo a kai shi a yi masa aiki, ya ce ba abin da ya rage a duniya da yake marmarin kallo. Da lalube yake shiga ɗakin, da lalube yake fita, kuma ba ya tuntuɓe.

Ana nan sai Saude, 'yar farin Uwani, ta samu ciki. Uwani ko sunan yarinyar ba ta kamawa saboda alkunya, amma duk wanda ya kalli idonta ya san ranta na kan cikin nan. Sallau kuwa tun da ya ji labari yake tsokanar jikarsa, yana cewa amaryarsa za ta dawo ɗakinta. Ya sa aka tara itace, ya aika wa dangin mijin cewa a gidansa za a yi jego, suka amsa da godiya.

To ga abin da Inuwa ya yi. Shi yana aiki ne a ɗakin gwaji na wata jami'a, inda suke auna duwatsu da ƙasa da kayan gini. Mutanen gari suna yi masa dariya, wai an ƙare karatu da dakan dutse a turmi. Abin da yake nema a cikinsu wani irin tururi ne da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙa, fata ba ta ji, wanda 'yan boko ke kira radiyeshan. Kowace ƙasa tana da ɗan nata tun halitta, kuma ɗan kaɗan ɗin ba abin tsoro ba ne. Inda ake jin tsoro shi ne inda ya taru da yawa, mutum kuma ya shekara yana kwana a kai yana shaƙar ƙurarsa. Wata rana da hantsi Inuwa ya biyo gida daga aikin daji, na'urarsa rataye a kafaɗa, ya manta bai kashe ta ba. A zaure tana ƙis, ta yi shiru, ta ƙara ƙis. Yana durƙusawa bakin gadon mahaifiyarsa don ya gaida Baba sai ta ruɗe kamar ana suyar gugguru. Sallau ya tambaya ko rediyo ce ta lalace, Inuwa ya ce e, ya kashe ta. Bai yarda da ji ɗaya ba. Ya auna dutsen bayan gida, ya auna ƙasar tsakar gida, ya auna bulon sabon ɗakin yayansa, duk daidai suke da ko'ina. Ya ɓanɓaro ɗan yaɓen bango da na gado ya kai wurin aikinsu, ya daka, ya rufe a gwangwani, ya jira 'yan makonni, ya auna, ya kuma sa wani ya sake aunawa yana addu'ar a ce shi ya yi kuskure. Bai yi ba. Ya tara yayyensa ya ce musu jariri ba zai kwana a ɗakin nan ba, Baba ma bai kamata ya ƙara kwana a ciki ba.

Na san wani a cikinku zai ce ai da sai su gaya wa tsohon kawai. Kun faɗa da sauƙi don ba ubanku ba ne. Inuwa ya ɗan gwada, ya ce ɗakin yana neman gyara, Sallau ya ɗaga sanda ya rantse duk wanda ya taɓa bangon nan ba shi ba shi. In kuwa aka gaya masa dalili, to an gaya masa ke nan abin da ya ɗauko a kansa don son matarsa, shi ta kwana a kai duk rayuwarta. Uwani ta ce wannan maganar kashe shi za ta yi. Rufe ɗakin kuma ba zai yiwu ba, gidan nasa ne, muddin gadon na tsaye sai ya kwantar da Saude a kai.

Ga kuma abin da Uwani ta yi. Ita kaɗai ce Sallau ke jin maganarta, don muryarta ta uwarta ce. Ta ji an ce likitocin ido sun zo wani asibiti a Kano, ta ga in ta raba shi da gida za a samu damar aiki. Ta yi masa maganar ganin jaririn Saude, ya ce zai shafa kansa ya isa. Ta yi masa maganar karatun Alƙur'ani, ya ce abin da ya haddace ya ishe shi. Da ta rasa ta cewa, sai ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, ba ka son ka ƙara ganin ɗakin Inna da idonka?" Sai tsoho ya ce a ɗauko masa babbar rigarsa. Uwani ta san sarai abin da za a yi wa ɗakin da zarar motarsu ta ɗaga. A ranta ta ɗauka ido mai waɗannan shekaru ba zai buɗe ba, za su je su dawo kamar yadda suka tafi. Ta bar gidan mijinta ta yi jinyarsa, tana ba shi abinci a baki, tana ta ƙirƙiro dalilan da za su sa su ƙara kwana a Kano. Kullum ya tambayi gida sai ta ce lafiya lau.

Saura Labaran, babban ɗa, magini, mutum mara yawan magana. Ya hana leburorinsa shiga, ya ce ba zai sa ɗan wani ya shaƙi ƙurar gidansu ba. Ya bi abin da Inuwa ya tsara masa: ya rufe hanci da baki, ya jiƙa bango sharkaf kafin ya sa diga, ya zuba komai a buhu aka kai inda hukuma ta ce a binne. Kafin ya taɓa ko'ina sai da ya auna tsayin gado da kamu, ya auna tudun bakin ƙofa, ya lura da kowane lungu da hannun Baba ya saba da shi. A bangon da ke saman gado akwai zane, layi-layi masu lanƙwasa, waɗanda Tabawa ta ja da yatsunta tana amarya tun yaɓen bai bushe ba. Labaran ya sa yatsunsa a cikin sawun na uwarsa ya bi su har ƙarshe, ya tsaya ya yi kukansa shi kaɗai, sannan ya ɗaga diga. Da yashin rafi da jar ƙasa ya sake gina komai, ya maida gado inda yake, ya ja zanen da ƙaramin yatsansa don ya zo daidai da nata. Inuwa ya zo ya auna, na'ura ta yi ƙis ɗinta na ko'ina. Wallahi in da hannu za a duba, ba mai cewa an taɓa ɗakin nan.

Sai dai aikin ido ya yi kyau. Da aka kwance bandeji, ido ɗaya ya buɗe tar. Sallau ya kalli Uwani ya ce ashe ta yi furfura, ya yi ta dariya yana hamdala, ita kuma ta tuna abin da aka yi wa ɗakin. Duk tsawon hanyar dawowa maganar ɗaki yake yi, yadda bangon ke ƙyalli in ranar la'asar ta shigo ta taga.

Da la'asar ɗin suka iso. Ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa. Bango ja-ja, ba baƙi ba ƙyalli. Ya matsa ya kalli zanen, ya shafa, ya sake kalla. Ya juyo ya ce, "Ina ɗakin Tabawa?"

Uwani ta yi sauri ta ce ruwan sama ne ya zubar da bangon. Labaran ya sunkuyar da kai. Sallau ya ce, "Inuwa, kai nake tambaya." Inuwa ya durƙusa ya gaya masa duka, tun daga ranar da ya ce rediyo ce. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Shi ya kashe ta ke nan?"

Inuwa ya ce, "Baba, na'urata yashi take aunawa. Ba zan ce maka shi ne ba. Amma ba zan iya rantse maka ba shi ba ne."

Daga ranar Sallau ya maida shimfiɗarsa zaure, bai ƙara taka ɗakin ba. Bai zagi kowa ba, bai yi wa kowa baki ba, kuma wannan ya fi musu ciwo. Shi ya je da kansa gida-gida wurin tsofaffin abokan aikinsa ya ce su bari Inuwa ya auna musu ɗakuna, aka kuwa samu wasu masu irin yashin. Saude ta haifi namiji lafiyayye, ta yi jegonta a sabon gado, ɗuminsa bai kai na da ba amma ya wadatar. Sallau ya ɗauki yaron ya kalle shi da idonsa ɗaya, ya yi masa addu'a. Bayan nan abinci ya daina shigarsa sosai. Uwani ta dawo gidan tana dama masa kunu, yana karɓa yana godiya kamar ga baƙuwa, ita kuma ta koma madafi ta share hawaye. Sau da yawa ta buɗe baki za ta nemi gafara, sai ta rasa ta inda za ta fara.

Da ciwon ajali ya zo, ya sa aka kira su ukun suka zauna gabansa. Ya ce, "A kan maganar ɗakin nan, ɗayanku ya kyauta mini, ɗayanku ya cuce ni, ɗayan kuma aikinsa kawai ya yi. Duka na yafe." Uwani ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, wane ne wane?" Ya kalle ta, ya kalli 'yan'uwanta, bai amsa ba. Bai kuma ƙara tada maganar ba har Allah ya yi masa cikawa.

Har yau in suka haɗu ba sa iya haɗa ido a kan zancen, don kowa ya ɗauka shi ne macucin. Ba don Inuwa ba, da ba wanda ya san akwai haɗari, amma shi ya jefa wa tsoho tambayar da ya tafi kabari da ita. Ba don Uwani ba, da Sallau bai bar gidan ba, da kuma bai ga tattaɓa-kunnensa ba, amma da sunan matarsa ta yaudare shi. Ba don Labaran ba, da gadon yana nan jariri na kwana a kai, amma hannunsa ne ya rushe abin da ya rage na Tabawa a duniya.

To, ku da kuka ji duka, ku raba musu gardama: a cikin su ukun, wane ne ya kyauta wa Sallau, wane ne ya cuce shi, wane ne kuma aikinsa kawai ya yi?