Bajon Makarantar Kan Tudu

A unguwar Yishun ta Singafo, a hawa na tara na wani dogon benen gwamnati, an yi wani mutum mai suna Quek Hock Seng, dillalin inshorar motoci. Ba ya sata, ba ya caca, ba ya shaye-shaye. Ciwonsa ɗaya ne tak: ya yi firamare a wata fitacciyar makarantar maza da ke can gefen Bukit Timah, wadda ake ce wa Makarantar Kan Tudu, kuma har ya haura arba'in bai warke daga wannan ba. Bajon makarantar yana maƙale a aljihun rigarsa kullum. Tambarinta yana manne a gilashin motarsa. In kun shiga lif tare, kafin ku sauka ƙasa sai ya san yadda ya yi ya gaya maka inda ya yi karatu, ko da tambayarsa ka yi ƙarfe nawa.

Abin takaicin, ba wani abin kirki ya tsinana a can ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa a benen yake kira Kaka, ta sha faɗa cewa daga ƙarshen aji ake lalubo sunansa. Amma in ka ji yana magana sai ka rantse shi ya aza tubalin ginin.

Daga tagar kicin ɗinsu, inda matarsa Siew Lan take zura gorar shanya, ana hango wata firamare ta unguwa, titi ɗaya ne tsakani. Ana jin ƙararrawarta, ana jin ihun yara lokacin tara. Hock Seng bai taɓa kiranta da sunanta ba. Akurki yake ce mata.

Da suka yi aure, Siew Lan ta so haihuwa da wuri, shi kuwa ya ce a jira. Akwai shekarar da Sinawa suke kira ta Dodo, wadda take zagayowa bayan shekara goma sha biyu, ana cewa ɗan da aka haifa a cikinta ya zo da sa'a da ɗaukaka. Hock Seng ya kafe sai ita. Kaka ta yi mita har ta gaji, ta ce ta ga alama sai ta mutu za a haifa mata jika. Shi ko a jikinsa. Shekarar Dodo ta kama, Siew Lan ta haifi namiji, ya raɗa masa suna Jin Long, ya dinga yawo da ƙirji a gaba kamar shi kaɗai ya yi wannan dabarar a duk tsibirin Singafo.

Jin Long ya taso yaro mai sanyin hali. Amininsa Irfan ne, ɗan maƙwabtansu Hamzah da Rosnah, ƙofa da ƙofa. Tare suke wasa a baranda, tare suke leƙa tagar kicin suna kallon 'yan makarantar ƙasa suna guje-guje a fili. Sun riga sun gama shirinsu: benci ɗaya za su zauna, Kaka ce za ta riƙa tsallakar da su titi da safe. Ita ma tsohuwar ta sa rai, don gwiwoyinta ba sa kai ta nesa, amma wannan titin dai za ta iya.

Shiga aji ɗaya kuwa zagaye-zagaye ake yi. 'Ya'yan tsofaffin ɗalibai suna da nasu zagayen a gaba, daga baya a buɗe wa kowa da kowa. A kowane zagaye makaranta ɗaya uba zai zaɓa. In masu nema sun fi kujeru yawa, na kusa da makarantar ake fara ɗauka, na nesa su yi ƙuri'a a kan abin da ya rage. Ba wanda bai san haka ba, har masu sayar da kifi a kasuwa.

Ana gab da fara rajista, Hamzah ya tarar da Hock Seng a shagon kofi na ƙasan bene yana dangwala gasasshen burodi a ruwan ƙwai.

"Shugaban tsofaffin ɗalibai!" in ji Hamzah. "Yaya, an gama goge bajon?"

"Yi dariyarka," Hock Seng ya ce. "Mu ba ma bin layi. Jini ne. Iyayena sun kai ni, ni ma zan kai ɗana."

"To Allah ya taimaka. Ni dai na ji bana yara sun yi yawa. Kowa ya haifi dodo."

"Wannan matsalar 'yan akurki ce, ba tamu ba."

"Akurkin nan dai Irfan yake so, kuma ɗanka ma shi yake so."

Hock Seng ya taɓe baki. "Yaro ɗan shekara shida me ya sani? Ku da ba ku da wata makarantar da za ku nuna, dole ku riƙa auna titi da taku."

Hamzah ya shanye kofinsa ya tashi.

Zagayen tsofaffin ɗalibai ya zo, Hock Seng ya rubuta ɗansa. Sai aka aiko cewa masu nema sun yi yawa, za a yi ƙuri'a. Ya ce kuskure ne. Ranar ƙuri'a ya sa rigarsa mafi tsada, ya maƙala bajo, ya tuƙa mota har Kan Tudu. Ya shiga babban ɗakin taro. Tirƙashi! Ɗaki cike maƙil da maza sa'anninsa, kowa da irin bajonsa a ƙirji, kowa da ɗan da ya haifa a shekarar Dodo. Dabarar da yake taƙama da ita ashe duk ajinsu sun yi ta.

Ya hango wani da suka zauna aji ɗaya, Seah Teck Whye, wanda yanzu likitan haƙori ne. Ya ruga ya kama hannunsa.

"Teck Whye! Ni ne, Hock Seng!"

Likita ya dube shi sama da ƙasa. "Af, sannu. Wace shekara kuka fita?"

"Haba, ajinmu ɗaya fa!"

"To, to. Madalla. Ni na zo raka wani ne, ɗana ya riga ya samu kujera. Tun bara muka dawo bayan makarantar nan. Kai a ina kake zaune?"

"Yishun."

"Yishun!" Likita ya girgiza kai kamar an gaya masa rasuwa, ya wuce abinsa.

Na kusa duk sun kwashe kujeru, 'yan kaɗan suka rage wa na nesa. Aka zuba ƙwallaye masu lamba a wani keji, wata malama tana juyawa tana zarowa. Duk wanda aka kira sai ya yi tsalle. Hock Seng ya zauna yana murza bajonsa har aka zaro ƙwallo na ƙarshe. Ba nasa ba ne.

A gida Siew Lan ba ta yi masa dariya ba, ko da yake ya cancanta. Ta zuba masa shinkafa da miyar kaza, ta bari ya ci, sannan ta ce, "Shi ke nan, ka gwada, bai yiwu ba. Zagaye na gaba ka rubuta ta ƙasa. Ba wanda ya fi mu kusa, ko ƙuri'a ba za mu shiga ba."

"In sa ɗana a akurki?"

"Hock Seng, ka ji tsoron ranar da za ka yi da-na-sani. A zagayen naku ma ba ka samu ba, ina ga wanda aka buɗe wa kowa? Masu gida a bakin ƙofar Kan Tudu kaɗai sun ishe su."

"Sun san ni a can."

Kaka daga kujerarta ta ce, "Wa ya san ka? Ni da na kai ka ma, da ƙyar suke gane ni a ranar iyaye. Kai dai ka bar yaron nan ya tsallaka titi."

Jin Long ya leƙo daga ɗaki. "Baba, tare da Irfan zan tafi, ko?"

Hock Seng ya ga an yi masa taron dangi. Ya ɗaga hannu ya ce, "Na ji. Na ji! Zan rubuta ta ƙasan."

Yaro ya ruga baranda yana ƙwala wa Irfan kira. A ranar Rosnah ta fito da tsohuwar rigar makarantar yayan Irfan, aka gwada wa Jin Long, ta yi masa yawa, ya ƙi cirewa har ya yi barci a cikinta.

Ranar rajista Hock Seng ya ɗauki takardun yaro ya sauka. Ya tsaya a bakin titi. Ga ƙofar makarantar unguwa a buɗe, iyaye suna shiga da silifas, wata da kwandon cefane a hannu. Ya dube su, ya dubi bajonsa. Wai shi, tsohon ɗalibin Kan Tudu, ya bi layi da masu silifas? Ya juya ya shiga mota. Yana tuƙi yana raya wa kansa cewa in ya dawo da kujerar Kan Tudu, Siew Lan da kanta za ta ba shi haƙuri. Da ya dawo ta tambaye shi, ya ce an gama, bai ko ƙifta ido ba.

Ƙarya kuwa ba ta yi nisa ba. Rosnah ta haɗu da Siew Lan a wurin lif ta ce, "Yaya, wane lokaci kuka je rajistar ne? Hamzah ya daɗe a can bai ga maigidanki ba."

Siew Lan ta bar Rosnah nan tsaye. Ta hau sama, ta tsare shi a ƙofar ɗaki.

"Wace makaranta ka rubuta?"

Ya fara kame-kame, yana cewa ita ba ta gane yadda ake harka da manya ba.

"Wace makaranta ka rubuta, Hock Seng?"

Da ya faɗa, ba ta yi ihu ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Ka kalli idon ɗanka ka yi masa ƙarya saboda guntun ƙarfen da ke ƙirjinka. Tir da kai."

Sakamako ya fito yadda kowa ya sani zai fito, ban da shi. A Kan Tudu, masu zama kusa kaɗai sun fi kujerun yawa, ko cikin keji ba a sa ƙwallon Jin Long ba. Makarantar ƙasa kuwa, da yake shekarar Dodo ce, ta cika taf a wannan zagayen. Irfan ya samu. 'Ya'yan masu silifas duk sun samu.

Sai ga Hock Seng a ofishin akurki, ya sunkuyar da kai gaban mataimakiyar shugabar makaranta. Mutumin da ya ce auna titi aikin marasa gata ne, shi ne yau yake cewa, "Ranki ya daɗe, daga tagar kicin ɗina ina ganin filinku. Ba yaron da ya fi nawa kusa. Ai kamata ya yi a duba kusanci!"

Matar ta ce, "An duba. Duk wanda ya zo a zagayen an duba masa. Ku ba ku zo ba." Ta kalli bajonsa ta ƙara da cewa, "Ko ku koma can ku gwada?"

Abin da ya rage shi ne zagayen ƙarshe, na makarantun da suka yi saura. Aka samu kujera a wata can wajen unguwa, wadda Hock Seng ko sunanta bai taɓa ji ba. Motar makaranta tana zuwa tun gari bai waye ba. Kaka ba ta iya sauka a wannan lokacin, sai dai ta tsaya a taga.

Ranar farko Hock Seng ne ya sauko da yaron. Jin Long yana tsaye da jaka ta fi bayansa faɗi, yana gyangyaɗi. A tsallaken titi makarantar unguwa tana rufe, ba a ma kunna fitilunta ba, Irfan yana can sama yana barcinsa. Yaron ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ja hannun ubansa.

"Baba, su ma na ƙasan ba sa so na ne? Na Kan Tudu sun ƙi ni, su ma sun ƙi ni. Wani laifi na yi?"

Hock Seng, mai baki kamar rediyo, ya kau da kai yana leƙen hanya. Mota ta tsaya, yaro ya hau bai waiwayo ba. Da yamma da ya dawo ya ninke rigar yayan Irfan da kansa, ya kai wa Rosnah, ya ce ya gode, ba zai sa ba. Kada ka ɗauka uban ya yi hankali. Washegari yana shagon kofi yana gaya wa duk mai saurare cewa tsarin ƙasar nan ya lalace, ba a girmama tsofaffin ɗalibai. Hamzah ya ɗauki kofinsa ya koma wani tebur.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Makarantar da ka yi tarihinka ce, ba gadon da za ka ɗora wa ɗanka a ka ba, kuma yaro ba allo ba ne da za ka rubuta sunanka a kai don mutane su gani. In za ka zaɓa wa ɗanka abu, ka dubi abin da zai amfane shi, ka saurari waɗanda suke ƙaunarsa, kada ka raina alherin da ke bakin ƙofarka don kawai kowa yana iya samunsa. Mai girman kai yakan yi zaton shi kaɗai zai ɗauki hukuncin wautarsa, alhali sau da yawa ƙaramin da bai san komai ba ne yake tashi da asuba ya biya.