Mazaunin da Salmanu Ya Cire

Akwai wani ɗan kasuwa a Garuwa mai suna Salmanu. A zamanin mulkin shugaban ƙasa Ahidjo, lokacin da mai keke ma abin kallo ne, shi ya sayo ƙaton babur daga Yola, irin mai dogon ƙaho da ƙara kamar injin niƙa.

Abu ɗaya ke ɓata masa rai. Al'adar unguwarsu ce, mai abin hawa ba ya wuce maƙwabci a ƙasa. Kullum sai an tsayar da shi: "Salmanu, rage mini hanya."

Wata rana ya kai wa Isa bakanike wata faffaɗar taya ya ce a sa masa a baya.

Isa ya gwada, ya ce, "Ta yi faɗi. Sai an cire murfin taya da mazaunin baya kafin ta zauna. Ba za ka ƙara goyon kowa ba fa."

Salmanu ya yi murmushi. "To ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Cire!"

Washegari maƙwabcinsa Nicolas, ma'aikacin kamfanin auduga, ya tare shi. Mobilet ɗinsa, wato ɗan ƙaramin babur, ta ƙi tashi, ga matarsa Madeleine na makyarkyatar zazzaɓi.

"Don Allah, mon frère, ɗan'uwana, kai mini ita asibiti."

Salmanu ya shafa bayan babur. "Ka dai gani da idonka, babu wuri."

Da ƙafa Nicolas ya ja ta har asibiti.

Damina ta yi nisa. Ran nan da hantsi wata mata ta faɗo shagon Salmanu tana haki. "Maciji ya sari Inna Hawa'u a gonar gyaɗarta!"

Inna Hawa'u ita ce mahaifiyarsa. Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya haye babur ya bi hanyar Figil a guje, ya gangara cikin gonaki. Ya same ta jingine da bishiyar kuka, ƙafa ta kumbura, dasashinta ya fara tsattsafo da jini.

Ya ciccibe ta zuwa babur, sai ya tsaya cak. Ina zai ɗora ta? Ba mazauni, ba matakin ƙafa, sai tsirarar taya. Ya naɗe babbar rigarsa ya ɗaure a kan ƙarfe, ya zaunar da ita. Yana tayarwa taya ta cafke rigar, ta fizgi bakin zanenta, saura ƙiris su kife.

"Salmanu, idona na yin duhu," in ji ta.

Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya duba gabas ya duba yamma, babu mota, babu ko jaki. Ya goya ta ya fara gudu a laka yana kuka.

Can sai ya ji wata 'yar ƙara kamar ta sauro. Nicolas ne a kan tsohuwar mobilet. Ya ji labari a unguwa, ya kuma san abin da babur ɗin Salmanu ya rasa.

Bai ce masa komai ba sai, "Ɗaure ta a bayana da rawaninka. Maza!"

Salmanu ya bar babur a gona, ya bi su da ƙafa. Kafin ya isa asibiti an yi mata allura, likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai haƙuri.

Da la'asar ta buɗe ido, ta riƙe hannunsa. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ashe babur ɗin nan naka zai yi mini rana."

Nicolas na tsaye a bakin ƙofa, ya kau da kai. Salmanu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ba ni na kawo ki ba, Inna. Babu wuri a bayana."

Gari na wayewa ya tura babur gun Isa. Ya ce, "Mazaunin nan yana nan?"

Darasi: Wurin da ka toshe don kada wani ya zauna, wata rana naka ne zai rasa shi. Ku tura wa duk wanda Allah ya hore wa abin hawa ko wata dama, don ya tuna ya bar wuri a bayansa.